"Wend": tsohuwar da ta ba da aron ɗanta bai dawo ba



Da yawanmu mun sha bulala a firamare a kan "go" da "went". Malam bai taɓa gaya mana abin da ya sa ba su yi kama ba, mu ma tsoro bai bar mu mun tambaya ba. Ashe ba uwarsu ɗaya ba. "Went" ɗan wata tsohuwar kalmar aikatau ne, wato "wend", kamar yadda "send" ta haifi "sent". A tsohon Turancin Ingila "wendan" ake cewa, ma'anarta juyawa ko karkata, daga nan ta ɗauki ma'anar tafiya. Har gobe Jamusawa na cewa "wenden" in suna nufin juyawa. Ita kuwa "go", a da "eode" take amfani da shi, amma wajen ƙarni na 15 mutanen Ingila suka yar da shi, suka ɗauko "went" suka liƙa mata. Da aka bar "wend" hannu rabbana, sai aka ƙera mata "wended".

Yau da wuya mu gamu da ita in ba a cikin "wend one's way" ba. Kuma ba kowace tafiya take nufi ba, sai ta sannu a hankali a kan hanya mai lanƙwasa, irin ta kogi ko ayarin raƙuma. Ɗalibin da ya makara ya haye acaɓa ba ya cikin lissafinta.

To ga inda gizo ke saƙar. Wasunmu masu rubutu da harsuna biyu mukan tsinto irin wannan kalma a ƙamus, mu jefa ta a jimla don a ce mun yi karatu. Mai karatu da ya san kalmar dariya zai yi, wanda bai sani ba ya rufe littafin. Ba ma goyon bayan masu cewa a binne tsofaffin kalmomi, amma kafin mu taɓa ɗaya, mu nemo jimloli biyar ko shida da aka sa ta, mu ga da waɗanne kalmomi take tafiya.

Haka muke yi wa Hausa ma. Sai mu buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 mu kwaso abin da ya yi mana daɗi a kunne. Kwanaki mun karanta wani labari inda yaro ya yi "bulaguro" zuwa shagon bakin layi sayo ashana.