Noma ba tare da ƙasa ba: ƙananan halittun da ke gadin saiwa

Gine-gine na ci gaba da cinye filayen lambu a kewayen Yamai, Maraɗi da Damagaram, shi ya sa maganar noman tumatir da salati cikin ruwa ko cikin ɓawon kwakwa ta fara shiga kunnen matasa. Sai dai akwai abin da ba a cika gaya musu ba. Wanda ya raba shuka da ƙasa, ya raba ta da ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke tsare saiwarta. Manomin wake ya san irinsu: su ne ke cikin ƴan ƙullutun da ke jikin saiwar wake, suna ba ta taki daga iska.

A Holan, inda noman rumfar gilashi ya yi nisa, an daɗe ana ganin cewa tsabta ita ce magani, wato a kashe duk wata ƙwaya da ke cikin ruwa. Binciken da Joeke Postma da abokan aikinta na Wageningen suka fitar a 2000 ya nuna akasin haka. Kokwambar da aka shuka a makwancin da aka kashe wa ƙwayoyinsa ta fi kamuwa da Pythium, cutar da ke ruɓar da saiwa. Da aka mayar da ƙwayoyin, cutar ta ja baya. Dalili kuwa, masu amfanin suna riga cutar kama wuri da abinci, wasu ma suna kashe ta. Yau ana sayar da irin su Trichoderma da Bacillus don wannan aiki.

Darasi na biyu daga Japan ya zo, kuma shi ya fi shafar aljihunmu. Noman cikin ruwa ya dogara da takin zamani mai narkewa, wanda daga waje ake shigo da shi. Farashin taki ya hau a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, rufe iyakar Benin a 2023 kuma ya tsawaita hanyar kaya. Zuba takin gida cikin ruwa kai tsaye ba mafita ba ne, ruɓewa yake yi ya kashe saiwa. A 2011 Makoto Shinohara ya wallafa wata dabara: a sa ƴar ƙasa kaɗan cikin ruwan a matsayin iri, a riƙa hura masa iska, a riƙa zuba takin kifi kaɗan-kaɗan. Cikin ƴan makonni ƙwayoyin kan mayar da shi nitrat, abincin da shuka ke sha.

To amma Yamai ba Holan ba ce. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Litar ruwa mai digiri 20 na riƙe da kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 35 kuwa kusan 7 ne. Ruwan ɗumi yana raunana saiwa, shi ne kuma yanayin da Pythium ya fi so. Ƙwayoyin da ake sayarwa su ma masu rai ne, kwalbar da ta yini cikin rana a kasuwa na iya isa hannun manomi ba komai cikinta sai gawa.

Saboda haka mai shirin zuba jarinsa ya fara da inuwa, da binne tankin ruwa cikin ƙasa, da injin hura iska mai aiki da hasken rana, kafin ya nemi kwalba. Ya kuma duba ko maganin yana da izinin kwamitin CSP na ƙungiyar CILSS, wanda ke tantance magungunan gona a Sahel. Babban aikin kuwa yana wuyan INRAN da jami'o'inmu: su zaƙulo ƙwayoyin da suka saba da zafin ƙasar nan, su gwada su, su faɗi sakamakon da Hausa da Zabarmanci. In ba haka ba, matashin da ya ci bashi ya kafa rumfa shi zai zama wurin gwaji, da kuɗinsa.