Cokalin kunu da ke sarƙe mai shanyewar ɓarin jiki

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa da Kunchi, idan aka sallamo mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, hankalin dangi kan tafi ga hannu da ƙafar da suka mutu. Ba kasafai ake tambayar yadda yake haɗiya ba. Alhali kusan rabin masu wannan ciwo kan samu matsalar haɗiya a kwanakin farko, kuma ita ce ke kai da yawa daga cikinsu kabari, ta hanyar ciwon huhu.

Yadda abin ke faruwa a fili yake. Hanyar abinci da ta numfashi a wuri ɗaya suka haɗu, kuma duk lokacin da mutum ya haɗiya, akwai murfin da ke rufe ta numfashi. In jijiyoyi suka taɓu, sai murfin ya makara, ruwa ko kunu ya zarce huhu. Wani zai yi tari, muryarsa ta jiƙe kamar mai kurkure baki. Wani kuwa ko tari ba zai yi ba, sai bayan kwanaki zazzaɓi ya rufe shi, a ce ciwon ne ya tashi. Abin da ya fi haɗari shi ne ruwa tsinkakke, wanda masu jinya ke ɗauka ya fi komai sauƙi, har su ɗura wa mara lafiya yana kwance, don tausayi.

Wannan fanni yana da masu shi, wato masu gyaran magana da haɗiya. A Amurka, Jeri Logemann ta Jami'ar Northwestern ta shafe rayuwarta a kansa har rasuwarta a 2014. Ita ce ta yaɗa hanyar ɗaukar hoton maƙogwaro yayin da mara lafiya ke haɗiya, kuma littafinta na 1983 ya zama abin dogaro. A Najeriya ma doka ta san da sana'ar, domin hukumar MRTB da aka kafa a 1988 ke yi musu rajista tare da masu gashin ƙashi. Sai dai masu yin ta kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Manomin Kunchi da ya sayar da buhun gero kafin ya kai mahaifinsa Asibitin Murtala ba zai iya komawa birni kowane mako ba.

Don haka bai kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta jira na'urar hoto ba. Ta ɗauki ƙwararru ko da 'yan kaɗan ne, su horar da ma'aikatan jinya a manyan asibitocin Bichi da Ɗambatta da ma'aikatan lafiya na matakin farko, ta yadda ba za a sallami kowa ba sai an gwada haɗiyarsa an kuma koya wa mai jinyarsa. Darasin ba ya cin kuɗi: a zaunar da shi tsaye, a ba shi kunu mai kauri da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara, kada ya kwanta sai bayan rabin awa, a wanke masa baki safe da yamma. In ya fara tari ko zazzaɓi, a daina ba shi, a mayar da shi asibiti.

Wannan darasi ya shafi iyaye mata masu yi wa jarirai ɗura, domin kokon da aka toshe wa yaro hanci aka zuba masa, hanyar huhun nan yake bi.