Kurumta da Neman Abinci a Birnin Zazzau

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya nufi kasuwa, zai ga cewa arzikin tsohon birnin nan a hannu yake: masu ɗinkin babbar riga, dukawa, teloli, maƙera da masu walda. Babu ɗaya cikin waɗannan sana'o'i da ta fi ƙarfin kurma, gama allura ba ta tambayar ko mai riƙe da ita yana ji. To, me ya sa idan aka zo lissafin samu, sai mu tarar ɗan'uwanmu mai raunin ji ne a baya?

Amsar tana wajen ciniki. A kasuwarmu hannu ne ke aiki, amma baki da kunne ne ke yanka farashi. Wanda ya ɗinka riga ba lallai ne shi zai sayar ba. Dillali ne ke tayawa da sallamawa, yanzu kuma rabin cinikin ta wayar hannu ake yi. Kurma yakan gama aiki mai kyau, wani ya karɓi kuɗi a madadinsa, ya miƙa masa abin da ya ga dama. Aikin albashi kuwa sai da takardar makaranta, alhali yaron da ba ya jin malami tun aji ɗaya ake yi masa laƙabin daƙiƙi, har ya gaji ya bari.

Akwai kuma batun mutunci. Mu mutanen gaisuwa ne. Wanda aka gaishe shi bai amsa ba, sai a ce girman kai gare shi. Dattijon da jinsa ya ragu yakan janye daga majalisa don kada a yi ta maimaita masa magana, daga nan sai a daina neman shawararsa. Yarinya kurma kuwa, idan maganar aure ta taso, sau da yawa ba a tambayar ra'ayinta.

Abin baƙin ciki shi ne talauci na haifar da kurumta, kurumta kuma na ƙara talauci. Ba mu manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, akasari a Arewa. Cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda suka rasa ji har abada. Yaran wancan lokaci su ne magidanta a yau. Ƙyanda, hangum, kunne mai zubar da mugunya da aka ƙyale, allurai masu ƙarfi irin su gentamicin da ake yi barkatai a kemis, da ƙarar injin niƙa da janareta daga safe har dare, duk suna cin kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa mutum miliyan 430 ne ke bukatar taimako saboda raunin ji, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta.

Ba za mu ce ba a yi kome ba. An kafa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna a 1999, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin sanƙarau mai kariya daga nau'i 5 na ƙwayar cutar. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati. Amma doka ba ta shiga zauren ɗinki, kuma gurbin aiki bai amfani wanda aka hana shi karatu tun farko.

Tarihi ya nuna abin da kurma zai iya. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana yaro, amma ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, da wata a Ibadan a 1960. Kuramen ƙasar Hausa ma suna da harshensu, wato maganar hannu.

Saboda haka, jama'a, aikin ya dawo kanmu. Iyaye su kai yara rigakafi, kunnen da ke zuba kuma a kai asibiti, a bar ɗiga masa manja. Masu injin niƙa da walda su toshe kunne yayin aiki. Ikilisiyoyinmu na Wusasa, Tudun Wada da Sabon Gari su tura matasa koyon maganar hannu, domin a samu mai fassara a sujada, a asibiti da wajen ciniki. Makarantunmu su zaunar da mai raunin ji a layin gaba. Mai shago kuma ya ɗauki kurma almajirin sana'a, ya koya masa lissafi da rubuta farashi, ya bar shi ya karɓi kuɗin guminsa da hannunsa.