Kwal ɗin Inugu bai ƙare ba, watsi aka yi da shi

Kafin a san ɗanyen mai a Najeriya, kwal ne ke tuƙa ƙasar. A 1909 aka gano shi a tsaunukan Udi, kuma dominsa Turawan mulki suka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, suka shimfiɗa layin dogo har Inugu a 1916. Jiragen ƙasan da suka riƙa jigilar gyaɗa da auduga daga Arewa zuwa bakin teku, da wutar wannan kwal suke tafiya.

Da jini aka biya shi. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa leburorin mahaƙar Iva Valley wuta, suka kashe mutum 21. Laifinsu kawai neman haƙƙin guminsu. Kisan ya ƙara rura wutar neman 'yancin kai, kuma a shekarar da ta biyo baya aka kafa Hukumar Kwal ta Najeriya.

Daga nan ba a daɗe ba tauraron kwal ya fara dusashewa. An sami mai a Oloibiri a 1956, reluwe ta koma dizal, yaƙin basasa ya zo aka bar ramuka ruwa ya cika su. Bayan yaƙi an yi ta ƙoƙarin farfaɗowa, abin bai kankama ba, har haƙar ta tsaya.

Babu mai cewa a mayar da jirgin ƙasa kan kwal, duniya ma tana ja da baya daga hayaƙinsa. Abin takaicin shi ne yadda gwamnati ta kakkaɓe hannu ta tafi. Tsofaffin leburori sun sha wahalar bin fansho. Ruwa mai tsami, ja kamar tsatsa, yana tsiyayowa daga ramukan Onyeama yana gangarawa kogin Ekulu, wanda jama'a ke amfani da shi.

Ga shi kuma yanzu kamfanonin siminti suna haƙar kwal a yankin Ankpa na Jihar Kogi da Maiganga a Jihar Gombe, mazauna kuwa sun daɗe suna kuka da ƙura da gurɓatar ruwan sha. Kafin a sake ba kowa lasisi, ya kamata a sa shi ya ajiye kuɗin gyaran ƙasar da zai tone, gwamnatin tarayya kuma ta fara tsaftace tsofaffin ramukan kwal na Onyeama da Okpara, tunda hukumarta ce ta bar su haka.