HUKUNCIN GURASAR ITALIYA DA ASKIRIM MAI ZABIBI

A wannan mako za mu jingine bayanin zakkar amfanin gona da muka faro, domin wata tambaya ta zo mana daga ƙasar Ɗambatta wadda ba ta jira, saboda ta riga ta shiga tsakanin wa da ƙane har sun daina cin tuwo a akushi ɗaya.

Mai tambayar wani Alhaji ne, falken fata, mutumin wani ƙauye a arewacin Ɗambatta, irin ƙauyukan nan da gona take manne da gona, ba ka ganin daji sai gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gero da gyaɗa. Sana'arsa ita ce bin kasuwanni yana sayen fatun awaki da na tumaki yana kai wa masana'antun jima na birnin Kano. A bana harka ta kai shi Italiya, garin Solofra da ke gabas da birnin Napoli, wanda ya shahara da jimar fatun tumaki da awaki. Da suka gama ciniki sai abokin hulɗarsa, wani Kirista, ya ɗauke shi zuwa wani ɗan gidan abinci na unguwarsu don ya girmama shi.

Ga yadda Alhaji ya ba mu labari. Ya ce, "Allah gafarta Malam, da na shiga sai na ga ashe tanderu ne, sai dai nasu ginin bulo ne mai kai kamar rumbu, itace yana ci a gefe guda. Mai gashin ya faɗaɗa ƙulli da hannu, ya shafa jajjagen tumatir, ya zuba farin cuku da wani ganye mai ƙanshi, ya cusa da wata doguwar matara, kafin in gyara zama har ya fito da ita." Ya ci, ya ji daɗi, ya ce bai taɓa tuna gurasar Jakara a baƙon wuri kamar ranar ba. Sai da ya cinye ne ya hangi mai gashin ya ɗora wata gurasar mai jan nama yanka-yanka a kan wannan matarar, ya sa a wannan tanderun. Ya tambaya, aka ce masa naman alade ne. Daga nan aka kawo askirim irin nasu, wanda suke kira jelato, ya duba launi-launi bai gane ko ɗaya ba, sai ya nuna wanda ya ga zabibi a ciki, don ya san zabibi tun daga tsarabar Makka.

Da ya komo gida ya ba da labari a zaure bayan sallar lisha, sai wansa, wanda shi ne limamin unguwar, ya ce ai ya ci abin da aka gasa a matoyar alade, saboda haka ba shi da salla har kwana 40. Alhaji yana so ya san gaskiyar wannan magana.

To, bari mu fara da abincin kansa, domin ba a yin hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. Wannan gurasa ita ce ake kira fiza, Italiyawa kuwa suna rubuta ta pizza, kuma Napoli ce mahaifarta. Ƙullin da masu sana'ar can suka yarda da shi abu huɗu ne kacal, watau garin alkama da ruwa da gishiri da yis, ba a sa masa kitse. Zafin tanderun yana haura digiri 400, shi ya sa ba ta wuce daƙiƙa 90 a ciki. Irin wadda Alhaji ya ci sunanta Margherita, kuma ana ba da labarin cewa an raɗa mata sunan sarauniyar Italiya ne da ta ziyarci Napoli a 1889. A 2017 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tanderun masu gurasa, ya ga yadda ake manna ƙulli a jikin tukunya mai zafi, daga baya a barbaɗa ƙuli-ƙuli a yanka tumatir da albasa, ya san cewa dangi ne. Alkama da tumatir da man zaitun ba su zama haram don Bature ne ya haɗa su.

Asalin abinci halal ne har sai dalili ya zo. Aya ta 5 a cikin Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa gayyatar wani Bayahude ya ci gurasar sha'ir a wurinsa. Gaskiya ne akwai hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani a cikin Bukhari da Muslim, inda aka umarce shi da ya guji kwanoninsu idan yana da waɗansu, in kuwa babu ya wanke ya ci a ciki, kuma ruwayar Abu Dawuda ta bayyana dalili, watau suna dafa alade a tukwanensu suna shan giya a ƙoƙunansu. Da wannan hadisi ne Liman zai iya kafa hujja, kuma ba mu raina fahimtarsa ba. Amma a lura, tukunya ana dafa nama ne a cikinta, romo da kitse su ratsa ta. Ita kuwa fiza, naman yana bisa ne, abin da yake taɓa matara da daɓen tanderu shi ne busasshen gindin ƙulli. Alhaji bai ga kitse ya ɗiga ba, bai ga ya taɓa tasa ba, zato ne kawai ya zo masa daga baya. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya suna da ƙa'ida sananniya cewa ba a zubar da abinci saboda kokwanto. Ko da kuwa wani abu ya ɗiga a daɓen da ya haura digiri 400, ƙonewa zai yi, kuma Shaihu Ahmad Dardir, wanda ya rasu a 1201 bayan hijira, ya lissafa tokar najasa da hayaƙinta cikin abubuwa masu tsarki a littafinsa Aƙrabul Masalik, duk da cewa Muhtasar na Shaihu Halil ya tafi a kan saɓanin haka. Saboda haka a kan maganar tanderu babu komai a wuyan Alhaji.

Batun cuku ya fi wannan zurfi kaɗan. Madara ba ta daskarewa ta zama cuku sai an sa mata wani abu. Waɗansu Fulani suna amfani da ruwan tumfafiya, wannan kuwa ba magana a kansa. Amma manyan cukwan Italiya, kamar Parmigiano Reggiano, dokarsu ta wajabta a yi su da wani abu da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi mai shan nono, wanda Larabawa suke kira infaha. A wurin malamanmu hukuncin infaha yana bin hukuncin dabbar, idan yankakkiya ce ya halatta, idan mushe ce ya haramta, kuma an ruwaito Imamu Malik ya ƙi cukun Majusawa saboda wannan dalili. Imamu Abu Hanifa kuwa yana ganin tsarkinta ko daga mushe ne, Ibn Taimiyya ma ya zaɓi wannan ra'ayi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi cuku a Tabuka, ya nemi wuƙa, ya yi bismilla ya yanka, ba a ruwaito ya aika a bincika tumbin da aka yi shi da shi ba. Abin da muke gani shi ne, wanda ya ci cukun ƙasar Ma'abota Littafi ba a ce masa ya ci haram. Wanda kuwa zuciyarsa ba ta natsu ba, to, akwai fizar da ake kira marinara, tumatir ne da tafarnuwa da man zaitun da ganyen ƙanshi, babu cuku babu nama, kuma ita ce ta fi araha.

Yanzu sai mu zo wurin da Alhaji bai tambaya ba, Liman ma bai lura ba, alhali nan ne gizo yake saƙa. Shi jelato madara ce da sukari, kitsensa bai kai na askirim ɗin da muka saba ba, kuma ba a cika shi da iska wajen kaɗawa, shi ya sa ya fi nauyi a baki. Mafi yawan launukansa ba su da wata illa. Amma wanda ake zuba wa zabibi, da suke kira malaga, al'adarsu ita ce a jiƙa zabibin a cikin giya kafin a haɗa. Haka ma wanda ake kira zabaione, da giyar Marsala ake yin sa. Giya najasa ce a mazhabarmu, kuma abinci mai ruwa-ruwa idan najasa ta shige shi, ko kaɗan ce, ta ɓata shi baki ɗaya. Ba kamar daskararren man shanu ba ne da ɓera ya faɗa ciki, wanda hadisin Nana Maimuna ya ce a cire shi da abin da ke kewaye da shi a ci saura, domin shi jelato tun yana ruwa aka gauraya shi. Ba mu kasance a wurin ba, amma zato mafi rinjaye shi ne abin da Alhaji ya nuna da yatsarsa don ya ga kamar ya san shi, shi ne abin da bai kamata ya sha ba.

Shin ya yi zunubi? A'a, domin bai sani ba, kuma ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara da hadisin da Ibn Majah ya ruwaito sun nuna an yafe wa wannan al'umma kuskure da mantuwa. Sallolin da ya yi bayan haka sun inganta, don wanda ya yi salla da najasa bai sani ba, iyakar abin da ake nema gare shi shi ne ya sake muddin lokacin bai fita ba, nasa lokacin kuwa ya fita tuntuni. Ita kuma maganar kwana 40 da Liman ya kawo, hadisin ya zo ne a kan mai shan giya, ba a kan tanderu ko alade ba, kuma malamai sun ɗauke shi a kan wanda ya sha da gangan, suka ce lada ne ake hana shi, ba wai an sauke masa salla ba, in ya tuba kuma Allah yana karɓa. Muna roƙon Malam Liman, da girman rawaninsa, ya dubi wannan da idon basira. Gaya wa mutum cewa ba shi da salla kwana 40 abu ne mai haɗari, don wani jahilin yana iya cewa to bari ya huta har su cika.

Amma Alhaji, kada ka ji an wanke ka ka yi murna da yawa. Kai ne kake juya fata gaba da baya, ka duba inda wuƙa ta yanke, ka shinshina ko gishiri ya ratsa, kafin ka biya ko sisi. Yaya za a kawo maka abin da za ka zuba a cikinka a baƙuwar ƙasa ka kasa buɗe baki ka yi tambaya? Kunyar mai masauki ba hujja ba ce, su kansu Italiyawa sun saba da baƙin da ke cewa ba sa cin kaza da kaza. Fatake da ma'aikatan gwamnati da ake turawa kwas ko taro, ya kamata kowa ya rubuta 'yan kalmomi a takarda ya sa a aljihu. Alade shi ne maiale, kuma prosciutto da salame da pancetta da guanciale da mortadella da salsiccia, in ba an ce na wata dabba ba ne, duk daga jikinsa suke. Narkakken kitsensa shi ne strutto, ana sa shi a waɗansu burodi da kayan toye-toye ko da ba ka ga nama ba. Giya ita ce vino, kalmar senza kuma tana nufin ban da. A Napoli akwai wani kek mai suna babà da ake tsoma shi cikin barasar rum, akwai kuma wani ruwa rawaya mai suna limoncello da ake miƙo wa baƙo a ƙaramin kofi bayan cin abinci, kamar lemon tsami, alhali barasa ce mai ƙarfi. Wanda yake son sanyi ba tare da fargaba ba, ya nemi sorbetto na lemon tsami, ruwa ne da sukari da lemo, ya kuma tambaya duk da haka. Ruwan tsamin inabi da suke zuba wa ganye kuwa halal ne, don giyar da ta rikiɗe ta zama khal ta tsarkaka a wurin malamanmu. Sai kuma zama a teburin da ake zagayawa da giya, wanda hadisin Tirmizi ya hana. Ka gaya wa mai masaukinka tun kafin ku zauna, cikin ladabi, mai son ciniki da kai ba zai ƙi ba.

Kafin mu rufe, akwai abin da ɗaliban zaure za su so ji. Ƙasar nan da Alhaji ya je ba baƙuwa ba ce ga mazhabarmu. Asad ibnul Furat, almajirin Imamu Malik kuma alƙalin Ƙairawan, wanda littafinsa Asadiyya ne Imamu Sahnun ya gyara ya zama Mudawwana, shi ne ya jagoranci rundunar da ta sauka a tsibirin Siƙiliyya na kudancin Italiya a 827, ya rasu a can a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. Tsibirin ya zauna a hannun Musulmi har Normawa suka gama karɓe shi a 1091, kuma garin Mazara da rundunar ta fara sauka, gare shi ake danganta Imamu Maziri mai sharhin Sahihu Muslim. Masanin ƙasa Idrisi, a littafin da ya kammala a 1154, ya ambaci yadda ake yin taliya a garin Trabia na tsibirin ana fita da ita a jiragen ruwa.

Mun ji cewa Alhaji ya zo wa wansa da tsarabar takalmi na fatar da watakila daga kasuwar Ɗambatta ta fita, har yanzu yana cikin kwali ba a taɓa ba. Malam Liman, a karɓi takalmin, a kuma kira ƙane a wanke hannu a akushi ɗaya. Allah ne mafi sani. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan nisabin gero da dawa.