Tsinken Da Ya Karya Bayan Raƙumi

Malaman Ingilishi a cikinmu sun san karin maganar nan ta "the last straw", domin irinta kan fito a jarrabawar WAEC da NECO. Hoton da ke cikinta na raƙumi ne da aka yi ta lafta wa kaya, har aka ɗora masa tsinke ɗaya tak, bayansa ya karye. Bature kan faɗe ta ranar da haƙurinsa ya ƙare. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne su zaci babbar masifa ake nufi, alhali tsinken ba komai ba ne, nauyin yana ga kayan da suka riga shi hawa. Mukan fassara musu da "tura ta kai bango", kuma ta yi kusa, sai dai wanda aka kai bango yana da sauran ƙarfin juyowa, raƙumi kuwa ya riga ya durƙushe.

Mu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san babban kaya. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana na jihar. Duk da haka malamai suka koma aji. Abin da ke raba malami da alli yawanci bai kai wannan ba: ƙarin girma da ya tsaya a takarda, ko canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ba a bin hanyarsa bayan la'asar, ko baƙar magana a gaban ɗalibai. Ranar da ya ajiye aiki sai a ce, "A kan wannan ɗan abu?" Mai tambayar tsinken kaɗai ya gani.

Saboda haka muke roƙon 'yan uwa malamai da kada su raina ƙaramin ƙorafi. A rubuta shi da kwanan wata, a miƙa wa wakilin ƙungiya na makaranta, shi kuma ya kawo reshe. Iyalai ma su matsa a rubuta, tunda su ke jin gunagunin da ba ya isowa ofis. Idan muka zauna da hukumar ilimi, muna so mu baje mata kayan gaba ɗaya, kowane da ranarsa da makarantarsa, tun malamin yana kan ƙafarsa.