Gamanar mace da kujerarta

Duk wanda ya bi hanyar Bande zuwa Magarya da damina, ko ta Dungas zuwa Malawa, ya san wanda yake fara tashi a gida. Kafin assalatu mace ta hura wuta. Ta je rijiya, ta yi daka, ta kai fura gona, sa'an nan ta duƙa a gamanarta, goyo a bayanta. Idan kaka ta yi, gujiya da wake da riɗin da ta girba su ne kuɗin magani, su ne sabulu, su ne kayan ɗakin ɗiya. Amma ranar rabon gado, ko ranar shawarar gari, sai a duba a ga babu ita a wurin.

Jama'a ta yawaita a kudancin Damagaram, gona kuwa ba ta ƙaru ba. Gandun da kaka ya bari ya tsattsage tsakanin jikoki. Idan fili ya yi wa maigida kaɗan, abin da yake fara karɓewa shi ne gamanar matarsa, domin aro ce, babu takarda, babu shaida. Macen da ta rasa gona da sana'a, hanya take kamawa. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga maƙwabtanmu na Kance. Rashin abin yi a gida ne ya fitar da su, ƙishirwa ta gama da su a hanya.

Doka ba ta hana mace fili ba. Dokar karkara ta 1993 ta ba kowane ɗan Nijar, namiji ko mace, damar samun ƙasar noma ba tare da bambanci ba, ta kuma kafa hukumomin filaye da suke rubuta takardar gado, ta kyauta, ta aro da ta saye. Addinin Musulunci tun da farko ya yanka wa ɗiya rabonta cikin dukiyar mahaifinta, gona kuwa dukiya ce. Wanda ya sallami ƙanwarsa da damin hatsi ya riƙe gonar, ya saɓa wa dokar ƙasa, ya saɓa wa shari'a.

Haka zancen yake a wurin aiki da wurin shawara. An kafa Ƙungiyar Matan Nijar a 1975. A 1987 Madam Aishatu Mumuni, wadda ta yi aikin yaƙi da jahilci, ta zama mace ta farko cikin gwamnati. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi maci a Yamai domin a ba su kujeru cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, shi ya sa ranar ta zama ranar matan Nijar. Dokar shekarar 2000 ta ware kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 25 na manyan muƙaman naɗi. A 2019 aka ɗaga su zuwa 25 da 30. A 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Duk inda naɗi ne yake ba da kujera, nauyi yana wuyan mai naɗawa. Malamar lakwal da ungozoma da malamar gona da suka shekara goma suna aiki a ƙauye sun cancanci shugabancin ma'aikatarsu kamar takwarorinsu maza.

Wasu suna cewa idan aka ba ɗiya gona, za ta tafi da ita gidan miji, gandu ya watse. Maganar tana da kama, amma a duba: ranar da aure ya mutu, ko miji ya rasu, ina take komawa da ƴaƴanta? Gidan ɗan'uwan nan da ya hana ta. Da ya bar mata rabonta, da ta ci da kanta, shi ma ya huta.

Wasu kuma suna cewa mazan ƙasar nan ba sa jin kira. Makarantar mazaje ta ƙaryata su. A jahar Damagaram aka fara ta a 2008, har da ƙasar Magarya: magidanta su zauna sau biyu a wata, su tattauna awon ciki da haihuwa a likita, su jawo hankalin ƴan'uwansu. Abin da aka yi domin lafiyar mace, ana iya yin sa domin gonarta.

Saboda haka muna kira ga perfe-perfe da kantomomin Magarya da Dungas su tabbata wakilan mata cikin hukumomin filaye suna halartar zama, ana kuma jin bakinsu. Sarakuna da masu gari kada su sa hannu kan takardar gadon da babu sunayen ƴaƴa mata. Malamai su karantar da rabon gado a masallaci kamar yadda suke karantar da zakka. Ku kuma da kuka sami takardar yaƙi da jahilci, ga amfanin karatunku: ku raka uwa ko ƙanwa wurin hukuma, ku karanta mata abin da aka rubuta kafin ta dangwala yatsa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba kowa haƙƙinsa.